Filin Mota Da Masu Ita: Ƙyallin Fenti Ba Ya Sake Tofowa

Da zarar iskar hunturu ta kaɗa, daga watan Nuwamba har zuwa wajen Maris, babu motar da za ta kwana a waje a ƙasar nan ta wayi gari ba ta yafa farar ƙura ba, ko a Sakkwato take ko a Inugu. Har birnin Ikko da ke bakin teku hazon kan leƙa shi cikin Disamba da Janairu. Abin da kan biyo baya kuwa sananne ne a kowace unguwa. Tun maigida bai gama karin kumallo ba, direba ko yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma ya bi jikin motar da shi daga gaba har baya, don kada a fito a ce ya yi lalaci. Maigida ya fito ya tarar da mota tana sheƙi, ransa ya yi fari. Alhali kuwa a cikin 'yan mintocin nan tsumman ya yi wa fentin ɓarnar da ƙurar ita kaɗai ba za ta taɓa yi masa ba.

Dalilin yana cikin ƙurar ita kanta. Yawancin hazon da ke rufe Nijeriya yana tasowa ne daga hamadar arewacin ƙasar Cadi, musamman kwarin Bodele, wanda a zamanin da can gindin wani makeken tafki ne da ya ƙafe, har Tafkin Cadi na yau ya zama ɗan ragowarsa. A hannu ƙurar tana da laushi kamar garin alkama, amma a cikinta akwai ɓarɓashin farin dutsen nan na cikin yashi, irin wanda ake narkawa a yi gilashi. A ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, wannan dutse yana kan 7, gilashin taga kuwa bai kai 6 ba. To, abin da ke iya kartar gilashi, ina ga fenti? Duk wanda ya danna tsumma bisa wannan ƙura ya ja, samfefa yake gogawa bai sani ba. Shaidar tana fitowa da tsakar rana, sa'ad da za a ga 'yan siraran zane-zane sun kewaye hasken rana a kan bonet kamar saƙar gizo-gizo, musamman a jikin baƙar mota ko shuɗiya mai duhu.

Abin da ya sa wannan ɓarna ta zama abin damuwa shi ne ƙarancin abin da ake kartar. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafin farko da ake tsoma gangar jikin motar a cikinsa a masana'anta, a manna shi da ƙarfin lantarki don hana tsatsa. Akwai na biyu mai daidaita fuskar ƙarfen. Sa'an nan launi. Sa'an nan a bisa duka a fesa wani mayafi marar launi, garai-garai kamar gilashi, wanda masu feshi kan kira kiliya. Dukansu a haɗe kaurinsu kan kama daga maikuron 100 zuwa 150, shi maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Watau dukan fentin da ke kan mota bai fi kaurin takardar rubutu guda da kaɗan ba. Mayafin na sama shi kaɗai bai wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, ƙasa da rabin takardar ke nan. A cikinsa ƙyallin yake, a cikinsa kuma aka zuba sinadarin da ke tare zafin hasken rana kada ya ƙone launin da ke ƙasa. Fatar mutum in ta kurje takan warke ta koma yadda take. Wannan mayafi abin da ya tafi daga jikinsa ya tafi ke nan.

Da ba haka abin yake ba, shi ya sa har yau ake samun tsofaffin hannu suna ba da shawarar da zamaninta ya wuce. Kafin shekarun 1980, lokacin da wannan tsari na launi da mayafi ya game masana'antun duniya, yawancin motoci fenti guda ake fesa musu, launi da ƙyalli a haɗe. Irinsa ne a jikin akasarin motocin Peugeot da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da na Volkswagen da aka riƙa haɗawa a Ojo ta birnin Ikko. Irin wannan fenti in rana ta dafa shi ya yi fari-fari kamar an barbaɗa alli, sai a goge shi da ƙarfi, mataccen saman ya fita, sabon launi ya bayyana, tsumma kuwa ya rine da launin motar. Direban wancan zamani in ya ga tsummansa ya yi ja ko kore, ya san aiki na kyau. Yau kuwa, in ban da 'yan motoci ƙalilan, wanda ya goga folish ya ga launin mota a tsummansa, to, ya huda mayafin ne ya kai ga abin da bai kamata a taɓa ba.

Mataki na farko wajen kiyaye fenti, wanda ya fi sauran arha ya kuma fi su tasiri, shi ne wanki. Ana fara kwarara ruwa ne daga rufin mota zuwa ƙasa, hannu bai taɓa ta ba, har ruwan ya tafi da yawancin ƙurar. Sa'an nan a kawo bokiti biyu, ɗaya da ruwan sabulun mota, ɗaya da ruwa zalla. Duk sa'ad da soso ya bi jikin mota sai a ɗauraye shi a na biyun kafin a mayar da shi cikin na farko, don yashin da ya kwaso ya kwanta a gindin bokiti. Tayoyi da ƙasan ƙofofi su ne na ƙarshe, da wani soso dabam. A inuwa ake wankin, a kuma tsane motar da tawul mai laushi tun ruwan bai bushe da kansa ba, domin ruwan rijiyar burtsatse na wurare da yawa yakan bar fararen tabo masu wuyar fita. Garin sabulun wankin tufafi, wanda shi ne ya fi yawa a hannun masu wankin mota na bakin titi, an yi shi ne don ya ci maiƙo, saboda haka yakan tafi da duk wani kakin da aka shafa wa mota. Wasu direbobin kuma kan ɗiga kananzir cikin ruwan wanki don mota ta yi sheƙi. Takan yi kuwa, na yini guda, daga nan maiƙon ya kama ƙura ya riƙe.

A nan ya kamata a yi wa samarin da ke wannan sana'a adalci, na Ikko da na Abuja da na Kano da na Anaca baki ɗaya. Su aka fi ɗora wa laifi in fenti ya dushe. Amma wanda ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa ba zai zubar da bokiti huɗu bisa mota guda ba, muddin ladan da za a miƙa masa bai taka kara ya karya ba. Dole ruwan da ya wanke motar farko ya wanke ta uku. Haka nan direban da ya san za a yi masa tsawa in an ga ƙura, ba zai ajiye busasshen tsumma ba komai aka gaya masa game da yashi. Gyaran daga maigida zai fara. Ranar da babu ruwan wanki, gara a fita da mota da ƙurarta, domin ƙurar da ke kwance ba ta kartar komai sai an ja ta. Rigar mota ma da ake lulluɓa mata, in an sa ta bisa ƙura iska ta kwana tana kaɗa ta, aikin tsumman nan take yi.

Bayan wanki akwai abubuwa uku da ake sayarwa a kasuwannin kayan mota, irin su Ladipo a Ikko da Fanteka a Kaduna, waɗanda jama'a suka tattara suka raɗa wa suna ɗaya, wai folish. Wannan ruɗani ya jawo wa masu motoci asara mai yawa, domin aikinsu ya sha bamban ƙwarai. Na farko yumɓu, shi tsinta yake yi. Na biyu folish na ainihi, shi ci yake yi. Na uku kaki, shi rufewa yake yi.

Yumɓun shi ne baƙo a cikinsu. A ƙasar Jafan aka ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwannin Amurka cikin shekarun 1990, daga can ya bazu. Suna kawai ya ara, ba shi da dangantaka da na maginan tukwane, kuma wanda ya ɗebo na bakin rafi ya goga wa motarsa zai yi da na sani, domin cike yake da yashi. Wani irin danƙo ne na roba da aka cuɗa da gari mai laushin gaske, ana sayar da shi curi-curi kamar sabulu, mai nauyin giram 100 ko 200. Kafin a saya ma akwai yadda mai mota zai gane ko yana bukatarsa. In an wanke mota tas ta bushe, sai ya sa hannu cikin siririyar leda ya shafa rufi ko bonet a hankali, don ledar tana ƙara wa yatsu ji. In ya ji sumul, ya bar kuɗinsa a aljihu. In kuwa ya ji kaushi kamar an barbaɗa tsaki, to, akwai abubuwan da suka kafe a jikin fentin waɗanda sabulu ba ya fitarwa.

Waɗannan abubuwa kowane gari da irin nasa. Akwai ɓarɓashin ƙarfe da ke tashi daga birki, wanda kan nutse cikin fenti ya yi tsatsa, shi ne 'yan ɗige-ɗigen nan ruwan goro da ake gani a jikin farar mota. Akwai tartsatsin kwalta a inda ake gyaran hanya, da feshin fentin da iska ke kwasowa daga garejin maƙwabta, da danƙon da ke ɗigowa daga itatuwan da ake fakewa a inuwarsu. Mazauna kusa da masana'antun siminti na Ewekoro da Obajana da Ashaka sun san yadda ƙurarsa ke daskarewa in raɓa ta sauka a kanta, kamar yadda mutanen Fatakwal suka san baƙar tokar da suka fara kuka da ita tun ƙarshen 2016.

Aikin yumɓu ba ya son ƙarfi, haƙuri yake so. A inuwa ake yinsa, jikin mota da sanyi. Sai a yanki ɗan gutsure, a murza shi a hannu har ya yi laushi, a baje shi kamar ƙaramar waina. A fesa ruwan santsi, ko na musamman da ake sayarwa tare da shi ko ruwan sabulun mota, a wurin da bai fi faɗin faranti biyu ba, sa'an nan a riƙa zamar da yumɓun gaba da baya a miƙe, ba tare da dannawa ba. Da farko za a ji yana tirjewa, har a ji 'yar ƙara. Bayan 'yan zagaye sai ya yi shiru ya riƙa sulɓewa, alamar wurin ya tsarkaka ke nan. In an juya shi za a ga dattin da ya tsinto, sai a naɗe shi ciki a fito da sabuwar fuska. Kada a bari wurin ya bushe yana kai, domin zai like ya bar tabo. Doka guda kuwa ba ta da sassauci: gutsuren da ya faɗi ƙasa ya zama na shara, ko da yanzu aka yanko shi, saboda tsakuwar da ya ɗauka ba ta fita, kuma a jikin mota za ta ƙare. Dalilin da ya sa ake yanka shi kashi-kashi ke nan. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara ya isa, kuma ba a yi wa motar da aka yi wa fenti marar sheƙi da gangan. Yumɓu ba ya gyara kwarzane, yakan kuma tafi da tsohon kaki, don haka motar da aka yi wa shi tsirara take har sai an sake rufe ta.

Folish shi ne inda ake yin asarar da ba ta da mayarwa. Ruwa ne mai kauri da ke ɗauke da garin gogewa, wani mai kaushi wani mai laushi. Kwarzane rami ne a jikin mayafin, shi kuwa folish ba ya cike rami. Abin da yake yi shi ne ya zaftare kewayen har ko'ina ya sauko daidai da gindin ramin, haske ya daina karyewa, ido ya ga sheƙi. Kowace gogewa ta inji kan cinye maikuron biyu, uku, ko fiye da haka in garin mai kaushi ne. Mai karatu ya auna wannan da maikuron 40 zuwa 50 ɗin da aka ambata, zai gane cewa motar da ake kai wa mai inji duk ƙarshen wata don a ji daɗin fita biki, kwanakin fentinta ƙididdigaggu ne. Garin neman gira ake rasa ido.

Wannan ba ya nufin folish ba shi da rana. Motar da ta dushe, ko wadda tsumma ya yi wa saƙar gizo-gizo, gogewa guda ta mai hankali kan dawo mata da kamanninta. Sai dai a fara da mafi laushi, a gwada a ɗan lungu, in ya biya bukata a tsaya nan. Kwarzanen da farce ke maƙalewa a cikinsa in an ja, ya riga ya wuce inda folish zai kai, bin sa da inji ƙarin ɓarna ne kawai. Injin nan mai juyi ɗaya da aka fi gani a garejoji yana tara zafi, a hannun wanda bai ƙware ba kuwa yakan ƙone fenti cikin ƙiftawar ido, musamman a kan gefuna da kusurwoyi inda fentin ya fi siranta. Akwai wani irin mai juyi yana karkaɗawa, wanda ya fi shi sauƙin haɗari nesa ba kusa ba. Masu sayen mota ta hannu kuma su lura: akwai man da ake shafawa ya cike kwarzane na ɗan lokaci, mota ta yi ta walƙiya a filin dillalai, bayan wanki biyu ko uku asirinta ya tonu.

Kaki kuwa ba ya ɗaukar komai daga jikin fenti. Siririn rufi ne da ake ɗorawa don rana da ruwa da kashin tsuntsu su ci shi maimakon su ci mayafin. Mafi shahararsa shi ne na karnuba, wanda ake samu daga ganyen wani itace mai kama da giginya da ke tsirowa a arewa maso gabashin ƙasar Birazil, musamman jihohin Piaui da Ceara. Itacen kan fitar da kakin ne bisa ganyensa don ya tare wa kansa zafin rani; manoma su sare ganyen, su shanya, su kakkaɓe garin, su narka. Shi ne kuma ake shafa wa wasu alewoyi da ƙwayoyin magani su yi sheƙi. Fifikonsa a kan kakin zuma shi ne jure zafi: na zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Salshiyos, na karnuba sai ya kai 82 zuwa 86, ga shi kuwa rufin baƙar mota a ranar bazara kan haura digiri 70. Tun 1910 kamfanin Simoniz ya fara sayar da irinsa a birnin Chicago na Amurka, Turtle Wax ya biyo baya a birnin cikin shekarun 1940. Zallarsa tauri gare shi kamar dutse, ba ya shafuwa, don haka kowane gwangwani gauraye yake da mai da sinadarin da ke sassauta shi, komai aka rubuta a jikinsa.

Kuskuren da aka fi yi da kaki shi ne laftawa. Abin da zai manne wa fenti ɗan kaɗan ne, sauran a tawul zai ƙare, bayan ya ba mai gogewa wahala. A shafa shi siriri da ɗan soso, a jira ya yi hazo-hazo, a share da tawul mai tsabta, a kuma kiyaye baƙaƙen robobin jikin mota don yakan bar musu farin tabo. Muddin ruwa na taruwa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, kakin na nan. Ranar da ya fara shimfiɗewa ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi. A irin ranar ƙasar nan kakin karnuba da wuya ya wuce wata biyu zuwa uku. Akwai na haɗin masana'anta da kan kai wata shida, akwai kuma rufin siramik na zamani da kan yi shekara biyu ko fiye in ƙwararre ya ɗora shi, sai dai tsada, kuma shi ma ba ya hana yashi karta. Wanda ba zai iya yi a kai a kai ba, ya nufi lokaci biyu: gab da shigowar hunturu, da gab da faɗuwar damina. Kashin tsuntsu da na jemage kuwa ba sa jiran ranar wanki, domin in rana ta gasa su sukan bar tambari a jikin mayafin. A jiƙa su da ruwa su yi laushi, a ɗauke, kada a kankare.

Akwai matakin da in fenti ya kai, duk abubuwan nan uku ba su da sauran amfani. Shi ne sa'ad da rufi da bonet suka fara yin fararen taswirori, mayafin yana saɓulewa kamar saɓar maciji. Irin wannan sai sabon feshi, kuma bayan feshin akan jira wata ɗaya zuwa uku kafin a shafa kaki, don sinadaran da ke cikin sabon fentin su gama fita. Kuɗin feshi kuma ba shi ne ƙarshen asarar ba. A kasuwar motoci ta ƙasar nan tambayar farko da mai saye ke yi ita ce ko fentin na asali ne, domin a wurinsa motar da aka sake wa fenti mota ce da ta yi haɗari, ko da mai ita ya rantse rana ce da tsumma suka cinye na farkon. Dillalai da yawa yanzu suna yawo da wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a jikin mota ta nuna kaurin fenti. In ta nuna 120 a ƙofa ta nuna 300 a bonet, a nan take farashin zai sauko.